Saƙonni biyu a imel ɗin Alhaji: yaya ake gane na 'yan damfara?

Wani ɗan kasuwa mai sayar da kayan gyaran babur a babbar kasuwar Garwa, a arewacin Kamaru, ne ya aiko da tambayar. Cikin mako guda saƙonni biyu suka shigo imel ɗinsa. Na farko da Faransanci yake, ɗauke da tambarin Gmail, yana cewa za a rufe akwatinsa cikin awa 24 in bai latsa wani wuri ya tabbatar da kalmar sirrinsa ba. Na biyu ya zo da sunan ma'aikaciyar kamfanin da yake sayen kaya a Sin, wadda suka shekara huɗu suna ciniki, tana cewa ana binciken asusunsu na banki, saboda haka cikon kuɗin kwantena a tura shi wani sabon asusu. Ɗansa ne ke karanta masa saƙonni. Har yanzu bai tura kuɗin ba, yana son ya san yadda ake bambance na gaskiya da na ƙarya.

Alhaji, Allah ya ƙara buɗi. Ka yi daidai da ka dakata. Aikina kenan shekaru da dama, kula da kwamfutoci da layukan intanet na ofisoshi da shaguna a nan Garwa, kuma mafi yawan waɗanda ke zuwa wurina da irin wannan magana sai bayan kuɗi ya tafi suke zuwa.

Saƙon farko ƙarya ne, ko shakka babu. Na biyu kuwa, kada ko dala ta fita daga hannunka sai ka ji muryar mutanen nan da kunnenka. Kuma ina so ka lura da wani abu: saƙonnin nan biyu uwarsu ɗaya ubansu ɗaya. Da irin na farko ɓarawo ke samun mabuɗin akwatin mutum, da irin na biyu yake kwashe dukiya bayan ya shiga.

Masu Faransanci suna ce wa wannan sana'a hameçonnage, daga hameçon, wato fatsa. Duk wanda ya taɓa tsayawa bakin Binuwai ya ga masunci yana saka tana a fatsa ya gane ma'anar. Ba a bin kifi da gudu, abin da yake so ake nuna masa ya haɗiye da kansa. Mai wannan damfara bai fasa wayarka ba, bai fasa banki ba. Kai yake so ka miƙa masa da hannunka, ko saboda tsoro, ko saboda kwaɗayi, ko saboda ka ga sunan wanda ka yarda da shi.

Akwai abin da ka riga ka sani tun kafin a kawo intanet garin nan. A ce yaro ya shigo shagonka da riga mai tsabta, ya ce Alhaji wane na Marwa ya aiko shi ka ba shi kwali goma na sarƙar babur, in kana shakka ga lamba ka kira. Za ka kira lambar da yaron ya miƙo? Ba za ka kira ba, don ka san abokin cin mushensa ne zai ɗauka. Wayarka za ka ciro ka kira lambar Alhajin da ke wurinka tun da can. To, ilimin imel ɗin ke nan gaba ɗaya. Duk saƙon da ya nemi ɗaya daga cikin abubuwa uku, kuɗi, ko lambar sirri, ko ka buɗe wani abu, ana tabbatar da shi ne ta hanyar da kake da ita tun kafin ya iso. Linki, lambar waya, adireshi, duk abin da ke cikin saƙon na mai saƙon ne. Sauran alamomin da zan faɗa maka taimako ne kawai, ɓarawo mai wayo yana iya kauce musu. Wannan guda ɗaya ce ba ya iya kauce wa.

Za ka ce, to yaya aka yi ya rubuto da sunan Gmail? Tsarin da ake aika imel da shi an rubuta shi ne a 1982, lokacin da masu amfani da intanet 'yan jami'a ne da ma'aikatan bincike, ba a yi tunanin ɓarawo ba. Sunan mai aikawa kamar sunan da ake rubutawa a bayan ambulan yake, kowa na iya rubuta abin da ya ga dama. Daga baya an yi wa tsarin faci da wasu hanyoyin tantancewa, SPF da DKIM da DMARC, kuma su ne ke sa saƙonnin bogi da yawa suke faɗawa kwandon shara ba ka ma gan su ba. Amma iyakar abin da suke tabbatarwa shi ne saƙon ya fito daga gidan da adireshinsa ya ambata. In ɓarawo ya sayi gida mai suna kusa da na gaskiya, zai wuce su lafiya lau.

Don haka ka ce wa yaronka ya daina tsayawa a kan suna. A waya, suna kaɗai ake nunawa da manyan baƙaƙe, sai an taɓa shi cikakken adireshin ke bayyana. Abin da ke bayan alamar @ shi ne gidan da saƙon ya fito. Linki kuma kada a latsa shi, a ɗora yatsa a kansa a riƙe har ainihin adireshin ya fito.

Karanta adireshin shafi yana da ƙa'ida, kuma nan ne ma masu boko ke faɗawa. Bayan https:// ka bi rubutun har ka iske karkatacciyar sanda ta farko, wato /, sannan ka dawo baya. Abin da ke manne da sandar shi ne mai gidan. A accounts.google.com/ mai gidan google.com ne. A google.com.securite-compte.top/ kuwa mai gidan securite-compte.top ne, sunan Google ado ne kawai aka rataya a ƙofa. Suna kuma wasa da baƙaƙen da suka yi kama: r da n a jere suna kama da m, ƙaramin l yana kama da 1, sifili yana kama da o. A ƙaramin gilashin waya, cikin hayaniyar kasuwa, ido ba ya kamawa sai an natsu.

Mu 'yan Kamaru muna da wani ƙarin abin lura. Adireshin ƙasarmu .cm ne, baƙi guda ya raba shi da .com. Wannan ya sa mutanen waje suka riƙa sayen sunaye masu .cm don su tare duk wanda yatsarsa ta tsallake o, har kamfanin tsaron kwamfuta McAfee ya sa .cm a sahun farko na adiresoshi masu haɗari a rahotonsa na 2009. Ba laifin ƙasa ba ne, kuma hukumominmu da bankunanmu na gaskiya suna amfani da .cm. Abin nufi, ganin .cm kaɗai ba shaida ba ce. Haka nan .td na Cadi.

Abubuwa biyu da aka koya wa mutane a da sun daina aiki, gara ka sani. An ce in ka ga hoton ɗan kwaɗon kulle ƙofa a gefen adireshi, shafin amintacce ne. Kwaɗon yana nufin babu mai leƙen abin da ke wucewa tsakaninka da shafin, bai ce komai a kan halin mai shafin ba. Yau kyauta ake samun takardar shaidar da ke kawo shi, kuma Chrome, manhajar buɗe shafukan intanet, ya cire hoton kwaɗon a 2023 saboda yana ruɗin mutane. An kuma ce saƙon ɓarawo cike yake da kurakuran Faransanci. A da haka ne. Tun da manhajoji irin ChatGPT suka bazu daga ƙarshen 2022, wanda bai gama firamare ba yana iya rubuta wasiƙa kamar ta ofishin gwamna. Saboda haka kada ƙarancin Faransancinka ya dame ka, ba a nan maganar take ba.

Abin da bai canza ba shi ne gaggawa. Awa 24, yau ce rana ta ƙarshe, kada ka gaya wa kowa. Ɓarawo ya san in ka kwana da maganar, ko ka nuna wa maƙwabcin shagonka, ta watse. Google ba ya tambayar kalmar sirri ta imel, banki ma haka. In da gaske akwai matsala, za ka gan ta in ka buɗe manhajar Gmail da kanka, ko ka rubuta myaccount.google.com da hannunka.

Yanzu saƙo na biyu, wanda shi ne ya fi tayar mini da hankali.

Ga yadda ake yin sa. Wani a kamfanin mai kayanka, ko kai, ko mai fitar maka da kaya a tashar Duwala, ya taɓa haɗiye fatsa irin ta farko. Ɓarawo ya shiga akwatin, bai taɓa komai ba, bai canza kalmar sirri ba. Zama yake yi yana karatu, mako biyu, wata biyu. Ya san lambar kwantena, ya san abin da ka biya da abin da ya saura, ya san yadda ma'aikaciyar ke gaishe ka da yadda take rufe wasiƙa. Ranar da lokacin biya ya yi sai ya sa baki a tsakiyar zancenku, ko daga ainihin akwatinta, ko daga adireshin da ya bambanta da nata da baƙi guda. Takardar kuɗin da zai aiko irin tasu ce sak, da tambari da hatimi, lambar asusu kaɗai ya sauya. Yakan kuma saita akwatin yadda amsoshinka za su riƙa ɓuya, ita ba ta ganin su. Da ɗan gari akan ci gari, shi kuwa ya mai da kansa ɗan gari.

Wannan ba cutar marasa ilimi ba ce. Tsakanin 2013 da 2015 wani ɗan Lituweniya, Evaldas Rimasauskas, ya yi rajistar kamfani a Latbiya da sunan Quanta Computer, kamfanin Taiwan da ke yi wa Google da Facebook kaya. Ya riƙa aika musu takardun kuɗi na bogi ta imel, suka biya shi sama da dalar Amurka miliyan 100. A 2019 kotu a Amurka ta ɗaure shi shekara 5. Hukumar binciken manyan laifuka ta Amurka, FBI, ta ce a 2023 kaɗai koke-koken da ta karɓa a kan irin wannan damfara ta imel ɗin kasuwanci sun kai asarar dalar Amurka biliyan 2.9. In kamfanonin da suka ƙera kayan da muke amfani da su sun faɗa, ba abin kunya ba ne ɗan kasuwa ya ɗaga waya ya tambaya.

Na ga irinsa da idona. Wani dattijo mai shigo da tayoyi ya kira ni in duba masa kwamfuta, wai mai kayansa ya ce kuɗi bai iso ba alhali ya tura kwana goma da suka wuce. Da muka jera saƙonnin muka ga inda adireshin ya sauya, baƙi guda aka ƙara a tsakiyar sunan kamfanin. Abin da ya fi ci mini rai, dattijon bai yi sakaci ba. Ya ji shakka, ya rubuta ya tambaya ko da gaske ne sun canza banki. Amma ta imel ɗin ya tambaya, ɓarawon ne ya amsa masa cewa ƙwarai kuwa. Jarin shekaru ya tafi a wannan amsa, kuma har yau in na tuna fuskarsa a ranar sai jikina ya yi sanyi.

To kai ka kira ta, da lambar WeChat ko WhatsApp da kuka saba tun shekarun baya, kiran bidiyo in zai yiwu. In ka taɓa zuwa wurinsu kana da katin mai kamfanin, kira shi ma. Ta karanto maka lambar asusun da bakinta, kai kana bin takardar da ido. Duba sunan mai asusun: in kamfanin da ka sani ne a takardar kaya amma asusun na wani mutum ne, ko na wani kamfani, ko yana wata ƙasa dabam, tsaya nan. Tun da dokar canjin kuɗi ta CEMAC, ƙungiyar tattalin arziki ta ƙasashen Afirka ta Tsakiya, ta fara aiki a 2019 bankuna suna neman takardu kafin su fitar da kuɗi waje, 'yan kasuwa na ƙorafin jinkiri, amma a wannan wuri jinkirin gata ne. Ka gaya wa ma'aikacin bankinka a fili cewa an canza maka asusu ta imel, ya taya ka dubawa. Wasu suna cewa a fara tura kaɗan a gwada. Gwajin ba shi da amfani in ta imel za a ce maka ya iso, domin mai amsawar shi ne wanda kake gudu.

Takardun da ake maƙalawa a saƙo ma ƙofa ce. In an ce ga takardar kaya ko ta duwan, wato kwastan, ka buɗe ta ce sai ka sa kalmar sirrin imel ɗinka kafin ka gani, fatsa ce. Takardar Word ko Excel da ta ce ka kunna wani abu kafin ta nuna rubutu, rufe ta. Wadda sunanta ya ƙare da .exe ko .apk ba takarda ba ce sam, manhaja ce, kuma ta .apk in ta zauna a waya tana iya karanta saƙonnin da banki ke aiko maka.

Fatsar nan ba a imel kaɗai take ba, a ƙasarmu ma ta fi yawa a waya. Wani ya kira ya ce shi ma'aikacin Orange Money ne ko MTN MoMo, ko Airtel Money da Moov Money ga 'yan uwanmu na Injamena, wai an turo maka kuɗi, danna kaza ka sa lambar sirri su shigo. Karɓar kuɗi ba ya bukatar lambar sirri, fitar da su ne ke bukata. Wani ya ce ya yi kuskure lambobi shida sun zo wayarka, ka karanto masa: WhatsApp ɗinka yake son ɗauka ya roƙi jama'arka kuɗi da sunanka. Matasan Marwa da Kuseri kuma ana yawan aiko musu da tayin aiki a ƙungiyoyin agaji, a ce su biya kuɗin fom. Majalisar Ɗinkin Duniya ba ta karɓar ko sisi a kowane mataki na ɗaukar aiki.

Ga abin da za ku yi wa akwatin kansa, kai da yaron, ku zauna minti talatin bayan la'asar. Ku sa masa kalmar sirri mai tsawo wadda ba ta aiki a ko'ina sai nan, ba ranar haihuwa ba, ba lambar waya ba. Dalili shi ne rumbunan kamfanoni suna fashewa. Yahoo ya tabbatar cewa kutsen da aka yi masa a 2013 ya shafi dukkan asusunsa biliyan 3, kuma ka san yawan mutanenmu da suka fara imel da yahoo.fr. Mai kalma ɗaya a ko'ina, in an sace ta wuri guda an buɗe duka. Sannan ku kunna tabbatarwa ta mataki biyu, abin da wayar ke rubutawa validation en deux étapes, yadda ko an san kalmarka sai an nemi izini daga wayarka. Sai dai lambar da ake aikowa ita ma sirri ce, shafin bogi yana iya tambayarta ya yi amfani da ita nan take. Ku duba lambar wayar da ke ajiye don dawo da akwati in ya ɓace. Na sha tarar da layin da mutum ya jefar shekaru biyar, alhali layin da aka daina amfani da shi kamfani na iya sayar wa wani. Kuma a bar buɗe imel ɗin kasuwa a kwamfutar sibar kafe.

Ka tambayi yaron, cikin lalama, ko ya taɓa latsa irin saƙon farko ya rubuta kalmar sirri, a makon nan ko watannin baya. Ina roƙonka kada ka yi masa faɗa. Yaron da ke tsoron mahaifinsa yakan ɓoye, ɓoyon kuma shi ne ke ba ɓarawo lokaci. In ya ce ya yi, ku canza kalmar yanzu, ku fitar da duk na'urar da ba ku sani ba daga jerin waɗanda suka shiga, sannan ku leƙa wurin tura saƙonni da matatun akwatin, wato transfert da filtres. Nan ne ɓarawo ke barin igiyarsa. Mutum ya canza kalmar sirri ya ɗauka ya tsira, alhali kwafin kowane saƙo yana ci gaba da tafiya wani akwati.

Wanda kuwa ya riga ya tura kuɗi, maganar awoyi ce. Ya tafi banki a ranar ya nemi a aika buƙatar dawo da su, domin in an kwashe su daga wancan asusun samunsu ya yi wuya. Kada ya goge saƙonnin, su ne shaida. Ya kai ƙara wurin 'yan sanda ko jandarma. Dokar Kamaru mai lamba 2010/012 ta 21 ga Disamba 2010 ta tanadi hukunci a kan laifukan intanet, kuma ANTIC, hukumar fasahar sadarwa ta ƙasa, tana karɓar rahoto ta lambar kyauta 8202. A Cadi hukumar ANSICE ce ke da wannan aiki. Ana kama su: a samamen da Interpol da Afripol, ƙungiyoyin 'yan sanda na duniya da na Afirka, suka yi a ƙasashen Afirka 19 cikin Satumba da Oktoba 2024, har da Kamaru, an kama mutum sama da 1,000. Amma kamu daban, dawowar kuɗi daban, ba zan yi maka alkawarin ƙarya ba. A kuma kiyayi wanda zai ɓullo daga baya ya ce shi lauya ne ko jami'in tsaro, zai dawo da kuɗin in an biya shi wani abu. Sau da yawa mutanen farko ne suka dawo da wata riga.

Saƙon farko, ku danna ɗigo ukun da ke gefensa ku kai rahotonsa a matsayin na damfara, sannan ku share. Na biyu ku bar shi yadda yake, kada ku amsa. Sin tana gaban Garwa da awa bakwai, don haka gobe da asuba, kana idar da salla, su suna ofis da tsakar rana, ka kira. In ta ce ba ita ta rubuta ba, ka gaya mata ta sa a binciki akwatinta ta kuma sanar da sauran masu sayen kayansu, domin ba kai kaɗai aka aika wa wannan lambar asusu ba.